Shin wayata na sauraron hirata? Amsa ga mai sana'a a WhatsApp da Instagram

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram ta aiko da tambaya: "Mun yi hira da ƙanwata a kan injin wanki, ban rubuta a ko'ina ba, washegari sai ga tallarsa a Facebook. Shin wayata saurarona take yi? Tunda WhatsApp sun ce ba sa ganin saƙonni, zan iya amincewa da su? Kuma me zan gyara, alhali ba zan iya barin su ba, don a nan kasuwata take?"

Malama, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Bari mu fara da maganar saurare, tunda ita ta fi damun ki, duk da cewa ba ita ce ta fi haɗari ba.

Har yau babu wata hujja tabbatacciya da ta nuna Facebook na kunna makirfon waya a ɓoye don ya zaɓa wa mutum talla. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya tana aikawa ba. Abin da suka kama shi ne wasu manhajoji na ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya suna tura wa wani kamfani daban. Ke ma za ki iya dubawa da kanki. Daga Android 12 zuwa sama, duk lokacin da wata manhaja ta buɗe makirfo ko kyamara, wani ɗigo kore zai bayyana a saman waya, kuma a cikin saitin, wurin da aka rubuta Privacy dashboard, akwai jerin manhajojin da suka taɓa makirfo a awa 24 da suka wuce, da lokacin da suka taɓa. A iPhone ɗigon makirfo ruwan lemo ne.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Tallar ta zo ne saboda ba sa buƙatar saurare. Mai yiwuwa ƙanwarki ta nemi farashin injin a Google ko ta buɗe shafin wani kanti. Shafuka da yawa na ɗauke da wani ɗan ƙaramin tsari na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ana kiran sa Pixel, wanda ke kai rahoton wanda ya shigo, abin da ya duba, da abin da ya saka a kwando bai biya ba. Lambarki na cikin wayarta, tata na cikin taki, kuna abota a Facebook, wataƙila ma kun hau intanet ta hotspot ɗaya a ranar. Ga shekarunki, ga garinku, ga alamun cewa kina da gida da iyali. Mai sayar da injin kuma ya biya kuɗi ya ce a nuna tallarsa ga mata masu irin wannan siffa, ko ga waɗanda suka yi kama da tsofaffin kwastomominsa da ya loda lambobinsu. Sannan a rana ɗaya talla da dama ke wucewa ta gabanki ba ki lura ba; wadda ta dace da hirar jiya ita ce ta tsaya miki a rai.

A 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 daga talla suka fito. Idan suka ce "ba ma sayar da bayananku", ba ƙarya suka yi kai tsaye ba: ba sa miƙa wa mai talla sunanki da lambarki. Abin da suke sayarwa shi ne hanyar isa gare ki, su kuma riƙe bayanan a hannunsu, domin su ne jarinsu.

To, za a iya amincewa da su? A duba abin da ya gabata. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014, ya shaida wa hukumar Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun mutum na WhatsApp da na Facebook kai tsaye ba. A Agustan 2016 WhatsApp ya fara ba Facebook lambobin waya, a 2017 kuma Turai ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 110 saboda bayanin da ya ɓatar da hukuma. Mutane sun ba Facebook lambar wayarsu don tsaron asusu, daga baya ta bayyana ana amfani da lambobin wajen talla. Wannan na cikin laifukan da suka kai ga tarar dala biliyan 5 da hukumar kasuwanci ta Amurka ta ɗora masa a 2019. Twitter ma ya biya dala miliyan 150 a 2022 a kan irin wannan laifi. Babbar badaƙalar ita ce ta Cambridge Analytica, wani kamfanin nazarin bayanai don yaƙin neman zaɓe, da ta fallasa a 2018: mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai wajen miliyan 87. Waɗannan miliyoyi ba su danna komai ba, abokansu ne suka danna. A Afrilun 2021 kuma aka watsa lambobin waya da sunayen mutum miliyan 533 kyauta a intanet, ciki har da 'yan Najeriya wajen miliyan 9, waɗanda aka tatsa ta hanyar nan da Facebook ke nemo wa mutum abokai daga lambobin wayarsa.

A gida ma an yi. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken wata 38 da ta yi tare da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Cikin abin da ta kama su da shi har da raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba, da hana su zaɓin da ake ba mutanen wasu ƙasashe. Meta ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Saboda haka ma'aunin da nake ba kowa shi ne ya raba abu biyu: abin da kamfani ya yi alkawarin ba zai yi ba, da abin da ba zai iya yi ba ko da ya so. Alkawari na canzawa da sabuwar yarjejeniya da za a turo miki ki danna "na yarda", kamar yadda WhatsApp ya yi a farkon 2021. Na biyun ne kaɗai abin dogaro.

Saƙonnin WhatsApp na cikin kashi na biyu. Tun Afrilun 2016 ake kulle kowane saƙo da kira a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, kuma makullin ba ya hannun kamfanin. Wannan gaskiya ne, masana na waje sun bincika tsarin da aka gina shi a kai, wato na manhajar saƙonni ta Signal. Amma ki kwatanta da akwatin kaya da kika sa wa kwaɗo kika kai tasha: direba ba zai buɗe ba, amma ya san wa ya aiko, wa zai karɓa, wace rana, kuma sau nawa kike aika wa wannan mutumin a wata. WhatsApp na ganin lambarki, lambobin da ke wayarki idan kin ba shi izini, hoton fuskar asusunki, sunayen guruf-guruf ɗinki, irin wayarki, lokutan da kike hawa, da adireshin intanet ɗinki wanda ke nuna yankin da kike.

Kuma kullen na da kafofi. Babbar ita ce kwafin hirarraki da ke tafiya Google Drive ko iCloud: idan ba ki kunna kullensa da kanki ba, ba ya cikin wancan tsaro. Ki shiga saitin WhatsApp, Chats, Chat backup, ki kunna End-to-end encrypted backup. Zai nemi kalmar sirri ko ya ba ki makulli mai haruffa da lambobi 64. Ki rubuta a takarda ki adana, domin idan waya ta ɓata kuma kin manta, babu mai iya dawo miki da hirar, har su kansu. Kafa ta biyu, idan wani ya kai ƙarar asusunki ta madannin Report, saƙonninki biyar na ƙarshe gare shi za su tafi wurin kamfanin. Ta uku, abin da kika rubuta wa Meta AI, wannan da'irar mai shuɗi, kamfanin kike rubuta wa, yana karantawa. Ta huɗu ita ce GB WhatsApp da 'yan'uwanta, waɗanda suka cika wayoyin mutanenmu saboda ɓoye alamar karantawa da ganin saƙon da aka goge. Wani da ba ki sani ba ne ya farke manhajar ya sake ɗinke ta. Saƙon da aka buɗe a cikinta ya faɗa hannunsa idan ya so, kuma WhatsApp na rufe lambobin da ya kama suna amfani da ita. Mai kasuwa da lambarta ce shagonta ba ta da dalilin wannan kasada. Kada kuma ki ɗauka sauran manhajoji daidai suke da WhatsApp: a Telegram hira ta yau da kullum da ta guruf ba su da irin wannan kulle, sai wadda aka buɗe a matsayin Secret chat, saƙonnin TikTok ma ba su da shi, na Instagram kuma ba a kulle suke zuwa ba. Lambar asusun banki, hoton katin shaida, ko maganar iyali, ba wurinsu ba ne.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali. Meta zai yi amfani da bayananki ya nuna miki talla, wannan abin ƙi ne, amma ba shi zai kwashe miki kuɗi a banki ba, ba shi zai tura wa kwastomominki saƙon neman rance da sunanki ba. Masu yin wannan ta lambar waya suke shigowa, kuma a Najeriya lamba ɗaya ce ke ɗaure da NIN, da BVN, da banki, da WhatsApp, da Facebook. Ke kuma sana'arki ta tilasta miki manna lambar a kowane hoton atamfa.

Maganin farko shi ne layi biyu. Ɗaya na kasuwa, a kan WhatsApp Business, wanda duniya ta sani. Ɗaya na banki da BVN da maido da asusu, wanda ba a saka shi a talla, ba a ba kowa sai na jiki. Idan layin banki shi ne wanda kika riga kika yaɗa, ki je reshen bankinki ki canza zuwa sabon layi da aka yi wa rajista da NIN ɗinki, ba na miji ko na yaron shago ba; ranar da layi ya ɓace, mai NIN ɗin kaɗai kamfanin waya zai saurara.

Ki sa wa katin sim ɗin lambar sirri. Ɓarawon waya sau da yawa ba wayar ce damuwarsa ba: yana zare sim ya saka a ƙaramar waya, ya danna *565*0# BVN ta fito, daga nan ya fara gwada bankuna ta lambobin tura kuɗi. Kulle fuskar waya ba ya hana wannan, kulle sim ke hanawa. Yana cikin saitin tsaro, wurin SIM lock. Zai fara tambayar lambar asali ta kamfanin layin. Ki duba jikin katin da sim ya zo a ciki ko ki tambayi kamfanin, kada ki yi ta cinke. Kuskure uku zai rufe sim sai da lambar buɗewa ta kamfanin layi da ake kira PUK, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi gaba ɗaya.

Sai WhatsApp kansa: saitin, Account, Two-step verification. Ki zaɓi lambobi shida da ba ranar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar waya ba, ki kuma saka imel ɗin da kike iya buɗewa. Yadda ake ƙwace asusu kusan kullum iri ɗaya ne. Ɗan damfara ya saka lambarki a wayarsa, WhatsApp ya turo miki lambobi shida ta tes, sai ya kira ki da muryar mutunci ya ce daga guruf ɗin makaranta ko na ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lambar da aka turo don a saka sunanki. Galibi ya riga ya ƙwace asusun wani da kika sani, da sunansa zai zo miki, da ɗan gari akan ci gari. Babu taro, babu tallafi, babu banki da ke buƙatar waɗannan lambobi. Wasu kuma sukan sa mutum ya danna wata lamba mai farawa da tauraro, wadda ke karkatar da kiransa zuwa wayarsu, sai su nemi WhatsApp ya karanto lambar ta kira. Danna ##002# na soke duk wata karkatarwa. Idan an riga an ƙwace, ki sake saka lambarki a WhatsApp, ki shigar da sabuwar lambar tes, wannan zai fitar da shi nan take. Idan ya riga ki sa lambobin mataki na biyu, sai kin jira kwana 7, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin. A ranar ki sanar da kwastomomi ta wata hanya kada su tura kuɗi.

Ki riƙa leƙa Linked devices lokaci-lokaci. Wanda ya riƙe wayarki a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa ya ci gaba da karanta komai daga nesa, kullen da muka yi bayani bai hana shi ba, domin tsarin ya ɗauka ke ce. Duk na'urar da ba ki gane ba, ki fitar da ita.

Wannan ya kawo mu kan hannayen da waya ke bi. Mutane da yawa wani ne ya buɗe musu Facebook ko Gmail, mai shagon caji ko mai tura finafinai, da lambarsa ko imel ɗinsa, kuma har yau ya san kalmar sirrin. Ki shiga Accounts Center da ke cikin saitin Facebook ko Instagram ki duba lambar da imel ɗin da ke kan asusun, ki cire wanda ba naki ba, ki canza kalmar sirri, kowane asusu da tasa. Haka tsohon layin da kika daina amfani da shi: kamfanonin waya na sake sayar da layin da ya daɗe ba ya aiki, sabon mai shi kuma zai iya karɓar lambar maido da asusunki. A cire shi daga Facebook da banki kafin a yar. Wurin mai gyara, ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ne ko a bakin titi, ki zare sim da memori kafin ki miƙa. Canjin sikirin, batir ko wurin caji ba ya buƙatar ki bar masa lambar buɗe waya. Idan zai gwada, ya gwada a gabanki. Wayoyin Samsung na zamani na da Maintenance mode da ke ɓoye hotuna da saƙonni har a gama gyara. Idan sayarwa za ki yi, ki fara cire asusun Google sannan ki yi mata wankin gaba ɗaya na Factory reset. Goge hotuna ɗaya-ɗaya ba ya wadatarwa.

Izinin manhajoji aikin minti goma ne. A saitin, Permission manager, ki duba huɗu: lambobin waya, wuri, makirfo, hotuna. Tocila ko manhajar gyaran hoto ba ta da hulɗa da lambobin mutanenki. Wuri kuma a bar shi a kan "lokacin amfani kawai", a kashe Precise location ga Facebook, Instagram da TikTok. Manhajojin ba da rance su ne misali mafi muni: suna kwashe lambobin waya ranar da aka sauke su, ranar da biya ya yi jinkiri su tura wa surukai da abokan ciniki saƙon cin mutunci. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan haka, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance na Play Store taɓa lambobi da hotuna. Shi ya sa wasu ke turo manhajar ta mahaɗi a WhatsApp; wadda ba ta Play Store ba, wannan dokar ta Google ba ta ɗaure ta ba. Truecaller ma, mai nuna sunan mai kira, da littafin wayar mutane yake aiki, shi ya sa baƙo ke ganin sunanki ko da ba ki taɓa sauke shi ba. Suna da shafin cire lamba, amma sai kin fara rufe asusunki idan kina da shi.

Don rage bibiyar talla, a Accounts Center ki shiga Your information and permissions. A nan za ki kashe Upload contacts, ki kuma buɗe Your activity off Meta technologies, inda za ki ga jerin shafuka da manhajojin da suka kai rahotonki. Ki share na baya, ki katse na gaba. A saitin Google na wayar, wurin Ads, ki goge lambar talla ta wayar. A Facebook, tambayar wa zai iya nemo ki da lambar waya, ki mai da ita ke kaɗai. Gaskiyar magana, waɗannan na rage amfani da bayanan ne, ba sa hana tattarawa gaba ɗaya, kuma talla ba za ta daina zuwa ba. Sunayen wuraren ma sukan canza, don haka ki yi amfani da akwatin nema na cikin saitin idan ba ki gani ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba ki tambaya ba, amma ya hau kanki: ke ma kina riƙe da bayanan mutane, kuma amana ce. Hoton alat ko rasit da ake sakawa a status don nuna ciniki na tafiya yana ɗauke da cikakken sunan kwastoma da bankinta. Hoton ƙunshin kaya a tasha na ɗauke da lambarta da garinta. A rufe su kafin a saka, da fenti mai kauri, ba ja-layi mai shara-shara ba. Tara kwastomomi a guruf na nuna wa kowa lambar kowa, har da matan aure da ba su yarda baƙo ya samu lambarsu ba. Broadcast list ko Channel na isar da talla ba tare da wannan ba, sai dai na farkon ba ya isa sai ga wadda ta adana lambarki. Hoton da aka tura a matsayin Document kuma yana tafiya da bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna mata wuri, wato gidanki idan a gida kike ɗaukar kaya. A kashe alamar wuri a saitin kyamara.

Ta fuskar doka, Najeriya na da dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Ta ba ki damar tambayar kowane kamfani abin da ya riƙe a kanki, ki nemi a gyara ko a goge, ki janye izinin da kika bayar, ki ƙi a yi amfani da bayananki wajen tallar kai tsaye. Idan an yi kutse mai haɗari ga mutane, kamfanin zai sanar da hukuma cikin awa 72. Ki fara rubuta wa kamfanin, ki adana kwafi da hoton shaidar abin da ya faru mai nuna kwanan wata, idan bai amsa ba ki kai ƙorafi NDPC. Idan cin mutuncin masu rance ne, har da FCCPC. A Nijar hukumar HAPDP ce ke wannan aiki, Ghana kuma na da tata dokar tun 2012.

Idan akwai tsohon asusun Facebook da ba kya amfani da shi, rufe shi na wucin gadi ba ya goge komai, ɓoye shi kawai yake yi. Ki fara sauke kwafin bayananki daga Accounts Center, sannan ki zaɓi gogewa ta dindindin. Akwai kwana 30 na canza shawara, kuma shiga asusun a cikinsu na ba da damar soke gogewar. Bayan nan share komai daga rumbunsu na iya ɗaukar har kwana 90, saƙonnin da kika tura wa wasu kuma suna nan a wurinsu.